Mutumin da Ya Ce Faɗuwa Ya Yi

Donggang, farkon kakar kifin tuna

Zuwa ga maigidana A-Hai,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da duk mutanen jirginku. Yaya bayanka? Kana shafa maganin da na cusa maka a jaka, ko har yanzu yana cikin ledarsa? Mu nan lafiya lau. Mamanka tana gaishe ka, gwiwarta ta ɗan lafa. 'Yarmu Pei-chi ta bugo daga makaranta, ta ce a gaya maka ka rage taba.

Wakilin kamfaninku ya ce jirgin da ke zuwa kwaso kifinku zai tashi ƙarshen wata, shi ya sa na zauna rubutu. Niyyata in ba ka labarin maƙwabta, amma wani abu ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, ya hana ni sakat.

Ka san Liao, dillalin nan mai kawo wa jirage ma'aikata, wanda taunar goron binlang ta jajaye masa baki. Shi ya shigo asibitinmu da wani masunci ɗan Indonesiya, hannunsa naɗe da tsumma. Sunansa Casmadi. Takarda ta ce bai wuce talatin da kaɗan ba, amma in ka gan shi sai ka ce sa'an yayanka, Babban Yaya, ne.

"Nas Hung, wanke masa hannun ki ba shi ƙwaya. Sauri muke."

Na tambayi mutumin abin da ya same shi. Liao ya ce, "Faɗuwa ya yi."

Na ce, "Ba kai na tambaya ba, Malam Liao."

"Ai ba ya jin yarenmu. Waɗannan in ba lokacin cin abinci ba ne, kurame ne."

Sai mutumin ya buɗe baki, idonsa a ƙasa, ya ce da yarenmu, kamar yaron da aka ba hadda, "Faɗuwa na yi."

Da na kwance tsumman, ramin ƙugiya ne a tafin hannu, ya daɗe, ya tara mugunya. Amma ba hannun ya tsorata ni ba. An tsaga takalman robarsa da wuƙa don ƙafafun su shiga. Sun kumbura har gwiwa, kuma yana haki alhali a zaune yake. Na kira Likita Yen. Ta saurari ƙirjinsa ta ce ciwon nan ne na wanda ya daɗe ba ya cin komai sai farar shinkafa, kuma ya fara taɓa zuciya. Ta nemi fasfonsa. Liao ya zaro shi daga jakarsa cikin wasu da yawa da aka ɗaure da roba, ya nuna mata daga nesa, ya mayar.

Ta ce sai an kwantar da shi. Liao ya ce jirgi ba ya jiran mai kumburin ƙafa. Ka san Likita Yen, ba ta ɗaga murya. Ta miƙa masa biro ta ce, "To sa hannu a nan cewa kai ka fitar da shi, saboda in ya mutu a hanya." Ya kalli biron, bai karɓa ba. Ya ja kujera ya zauna daf da gadon.

Na ce za a ɗauki hoton ƙirji, kuma ɗakin hoto majiyyaci kaɗai ke shiga. A can na cire masa riga. A-Hai, bayansa duk tabo ne dogaye, wasu sun yi fari, wasu jajaye. Da na ɗaga hannu don in gyara masa tsayuwa, sai ya duƙe ya kare kansa. Hoton ya nuna haƙarƙari sun karye a wurare da dama, wasu sun haɗe tuni, wasu sababbi. Faɗuwa ɗaya ba ta yin haka. Na ba shi burodin da ke aljihuna. Ya ci rabi, ya soke rabin a ƙugunsa.

Bara an tara mu an koya mana waɗannan alamu: wani ya riƙa amsa wa majiyyaci, wani ya riƙe masa takardu, labarin ya saɓa da raunin. Na ɗauka abin manyan birane ne. Ban taɓa zaton zai shigo mini da warin kifin tasharmu ba.

Ka kula da kanka. Na kunna maka turare a gaban gunkin Uwa Mazu mai tsare masu shiga teku.

Matarka,
Siu-gim

Donggang, mako na zagayowa

A-Hai,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Waccan takardar tana nan ban kai ba, zan haɗa su ambulan ɗaya. Ka karanta wannan kai kaɗai, kada ka bar ta a ɗakin inji.

Likita Yen ta hana Liao zama a ɗakin, ta ce hannun na iya harbin mutane. Yanzu a ƙofar asibiti yake yini kan babur ɗinsa. Tafinta kuwa ta ce ba za mu karɓi wanda ya fito ta hannunsa ba. Sai na tuna da Ningsih, 'yar Indonesiyar nan da ta yi aure a garin nan, mai sayar da abinci kusa da masallacin masunta. Na shigo da ita ta ƙofar baya da kwanon miya a hannu.

Kafin mu shiga Likita ta ja mana kunne. Kada mu tsare shi da tambaya kamar 'yan sanda. Kada mu yi masa alkawarin da ba ya hannunmu. Ya faɗi abin da ya ga dama, ya bar abin da ya ga dama. Ita da kanta ta gaya masa gaskiya cewa doka ta ɗora mana sanar da hukuma in mun ga irin wannan, amma ba za mu yi a bayan idonsa ba, kuma ba shi ne mai laifi ba.

Ranar farko abu biyu kawai ya tambaya: ko akwai alade a abincin, da kuma ina ne alƙiblarsu. Ningsih ta nuna masa kusurwar taga. Na juya masa gadon. Ya yi barci kamar wanda aka jefa rijiya, har na riƙa zuwa ina duba numfashinsa.

Allurar bitamin ta karɓe shi, hakin ya ragu. Da ya samu ƙarfi sai ya fara magana, ba a jere ba, nan kaɗan can kaɗan, Ningsih tana juya mana.

Fiye da shekara biyu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. In jirgi ya cika, wani ya zo ya kwashe kifin a tsakiyar teku, su ci gaba. Barci sai abin da aka sata a tsaye. Abinci shinkafa da kifin da ake sa wa ƙugiya. Ruwan sha mai tsatsa, shi ma a aune. In igiya ta harɗe, kyaftin ya sauko da tiyo ya dake su. Albashi an ce ana aika wa matarsa, bai sani ba ko ana aikawa, don ba su da waya. Ya nemi a sallame shi, aka ce ga teku nan, ya tafi.

Yana da aboki ɗan ƙauyensu, Tarjuki, tare suka zo. Shi ma ƙafarsa ta kumbura haka. Ya kasa tsayawa, aka ce lalaci ne, aka dake shi a kwance. Bayan kwanaki ya mutu. Suka roƙa a sa shi a ɗakin ƙanƙara har a kai shi gida. Kyaftin ya ce wurin na kifi ne. Suka yi masa sallarsu, aka sake shi a ruwa.

Likita ta tambayi sunan jirgin. Ya faɗa.

A-Hai, jirgin Babban Yaya ne.

Na fita na tsaya a wurin wanke hannu, ruwa yana zuba, ban san me nake wankewa ba. Kai ne mai injin jirgin nan har farkon bara. Ka biyo jirgin kwasar kifi ka dawo, ka ce ka gama aiki da yayanka, ka koma wani kamfani. Mama ta tambaye ka dalili, ka ce inji ya tsufa. Ni ma na tambaye ka, ka juya mini baya ka ce barci kake ji. Tun jiya nake lissafa watannin, ina sake lissafawa ko za su fito dabam. Ba sa fitowa.

Ba zargi nake ba. Tambaya nake.

Taka,
Siu-gim

Donggang, bayan kwana kaɗan

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fata teku ta kwanta muku. Ni dai ban kwanta ba. Abinci ma a tsaye nake ci.

Babban Yaya ya zo gida ran Lahadi da yankan cikin kifin tuna, mai kitsen nan da ake kai wa Japan. Tunda aka auro ni gidan nan bai taɓa kawo mana irinsa ba. Mama ta dafa, muka zauna. Ya yi ta zuba mini a kwano.

"Ci, ƙanwa, kin rame. Aikin asibiti ba sauƙi. Na ji yaron jirgina yana wajenku."

Na ce majiyyata ba a maganarsu a waje.

Ya yi dariya. "Ji ta, Mama, ni ne waje yanzu. Ƙanwa, mutanen nan in suka ga gado mai laushi sai su fara tatsuniya. Ki ce wa likitarku ta sallame shi, jirgi na jira. Ni ma haka aka koya mini aiki. Baba da igiya ya koya mini, ga ni ban mutu ba."

Na ce, "Tarjuki fa?"

Ya ajiye tsinken cin abincinsa. Mama ta dube ni ta ce, "Rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa, kifin wa ya saya?" Na kwashe kwanuka.

Washegari na gaya wa Likita Yen cewa kyaftin ɗin yayan mijina ne. Ta ce ya kamata ta cire ni daga jinyar, amma kafin nan dole majiyyacin ya sani, haƙƙinsa ne. Na so ta bari, ta ƙi.

Ningsih ta gaya masa ina tsaye. Ka san yadda fuskarsa ta koma? Kamar ranar da ya zo. Ya janye hannun da nake wankewa, ya juya ga bango. Ya ce da Ningsih duk abin da ya faɗa mafarki ne, faɗuwa ya yi, a kira Liao. Mako guda muna lallaba mutum, a minti ɗaya na rushe.

Likita ta ce in fita, na fita. Wata nas ta karɓi aikin. Yini biyu ina wucewa ta ƙofar ban shiga ba, Liao kuma yana ɗaga mini hannu daga kan babur yana murmushi.

A rana ta uku Ningsih ta zo ta ce yana nemana. Ya tambaya, wane ne mijin nawa a cikin dangin kyaftin. Na nuna masa hotonka a waya, wanda ka ɗauka a bikin Pei-chi na gama sakandare. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mai inji."

Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce kai kake cika musu gora da ruwa mai kyau daga naka, ka ajiye bayan bututu. Ya ce kai ka ba Tarjuki maganin ciwo, kuma ka taɓa riƙe hannun yayanka sau ɗaya. Ya ce ranar da aka daki Tarjuki a kwance kana tsaye a bakin matakala. Ka kalla, sannan ka sauka ɗakin inji ka ja ƙofa.

Sai ya ce da Ningsih, "Tambaye ta, in an kira hukuma, wa zai kira?"

Na ce Likita.

Ya ce a'a. In da gaske ba tarko ba ne, ni zan kira, a gabansa, in faɗi sunan jirgin da bakina, in faɗi sunan kyaftin.

Likita ta dube ni ta ce ba dole ba ne. Na ɗauki wayar. Na kuskure lamba, na sake bugawa. Da aka ɗauka na faɗi sunana, da na asibiti, da na jirgin. Na faɗi sunan yayanka cikakke, sunan gidan da 'yarmu take amsawa.

Da na ajiye, ya miƙo mini hannun. Na gama wankewa na naɗe.

A-Hai, ban sani ba ko za ka yafe mini. Ban kuma sani ba ko ni ce ya kamata in nemi yafiya. Gobe zan kai wa wakili takardun nan uku.

Matarka,
Siu-gim

Donggang, watan guguwa

A-Hai,

Gaisuwa. Ina fata kana cin abinci, kuma takarduna sun iso. Wakili ya ce an miƙa su, amma shiru nake ji. Wani ƙaramin jirgin mai zai bi ta wajenku, shi zai kawo wannan.

Jami'ai sun zo da mace mai kula da irin waɗannan mutane da tafintansu. Sun karɓe fasfunan daga jakar Liao. An hana jirgin Babban Yaya fita, yana nan ɗaure a tasha, kowa ya wuce sai ya nuna. Casmadi ya samu sauƙi, ƙafafun sun saɓe, sai dai yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba. An kai shi gidan mafaka a wani gari, ba a faɗin inda yake. Kafin ya tafi Ningsih ta samo lambar matarsa. Na bar musu ɗakin, amma ta bango na ji muryar matar. Ashe tun bara aka ce mata ya gudu daga jirgi, har ta fara tunanin ya yi wani auren.

Mama ta koma gidan Babban Yaya da kayanta. Ta bar mini maganin gwiwarta a kan tebur, na kai mata, matar Yaya ta karɓa a bakin ƙofa ba ta ce in shiga ba. A kasuwa mai kifin da muke saya wajenta shekara da shekaru ta ce da ni, "Nas, yau me za a rubuta a kaina?" Mutane suka yi dariya. Amma akwai wata nas a ɗaya asibitin da ta tare ni a hanya ta tambayi yadda muka raba majiyyaci da dillali. Kuma masunta biyu sun zo da kansu, ba dillali, suka ce Ningsih ta turo su.

Ba na iya zama a gidan nan. In na dawo aiki sai in hau babur in zagaya tasha, in dawo, in sake fita. Na wanke labule, na sake wankewa.

Ga dalilin wannan takarda. Mai gabatar da ƙara ya kira ni. Raunukan Casmadi muna da hotonsu da rubutun Likita, wannan ya tsaya. Amma maganar Tarjuki, Babban Yaya ya ce igiya ce ta fizge shi ya faɗa ruwa, haka ya rubuta tun a lokacin. Sauran da suka gani kuwa Liao ya riga ya rarraba su a jirage, suna can cikin teku. Maganar Casmadi ce kaɗai a kan ta kyaftin. An tambaye ni wa ke riƙe da injin jirgin a lokacin da Tarjuki ya mutu. Na faɗa.

Ba zan ce maka ga abin da za ka yi ba. Yayanka ne, shi ya goya ka zuwa makaranta bayan rasuwar Baba, na sani. Mama ba za ta ƙara kallonka ba, wannan ma na sani. Amma matar Tarjuki tana da yara uku, an ce mata mijinta sakaci ya yi ya faɗa ruwa. Ita ma tana jiran takarda kamar yadda nake jira.

Ka amsa mini, ko da kalma ɗaya ce.

Siu-gim

Donggang, bayan bikin cikar wata

Maigidana A-Hai,

Ina gaishe ka da kyau. Wannan zan ba wakili ya aika ta tashar Port Louis ta jira ka, tunda ka ce can za ku tsaya.

Da wayar ta yi ƙara ina tsakiyar ɗaura wa wani tsoho ƙarin ruwa. Muryarka tana zuwa tana yankewa, kuma na ji kyaftin ɗinku yana tari kusa da kai. Ka ce, "Na karanta. Zan sauka a tasha ta farko. Ki ce wa mutumin ya ajiye mini rana." Na ce wane mutum, don in tabbatar. Ka ce, "Mai ƙarar." Sai layin ya mutu. Na tsaya da wayar a kunne har tsohon ya ce, "Yarinya, jinin nawa ne ke komawa cikin robar, ko naki?"

Na gaya wa mai gabatar da ƙara. Ya ce za a tambaye ka abin da ka yi da abin da ba ka yi ba, kada ka zaci za a shafa maka kai. Kamfaninku kuma zai ce ka karya yarjejeniya, wataƙila ba jirgin da zai sake ɗaukarka a garin nan. Na duba, albashina zai riƙe mu in mun matse. Pei-chi ta san komai. Ta yi kuka, sannan ta ce za ta zo tarbarka.

Ban gaya wa Mama ba. Kai za ka gaya mata, amma bayan ka je ofishin, ba kafin ba. In ka fara zuwa wajenta, na san ka, za ta riƙe hannunka ta kira ka da sunan yarinta, shi ke nan.

Kada ka ɗauka komai ya wuce tsakaninmu. Shekara guda ka kwana kusa da ni da wannan abu a cikinka, ina zuba maka shinkafa ina tambayarka bayanka. Akwai ranakun da nake jin in na gan ka zan rungume ka, akwai ranakun da ban san inda zan sa idona ba. Amma zan zo filin jirgi. Zan zo da rigar sanyinka, an fara iska.

Casmadi ya samu izinin zama har a gama shari'a. An sama masa aiki a tudu, a wurin gyaran raga, ya ce ko kwalekwale ba zai ƙara hawa ba. Ranar da aka kawo shi duba hannu, na gaya masa ta bakin Ningsih cewa kana zuwa ka faɗi abin da ka gani. Bai yi murna ba, bai yi fushi ba. Ya yi ta murza yatsun nan biyu. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ba ni saƙo gare ka, ya sa Ningsih ta maimaita don kada in canza.

Ya ce, "Ki gaya wa mai inji ban manta ruwan ba. Ƙofar ma ban manta ba. In ya zo, ya zo da duka biyun."

Uwa Mazu ta kawo ka lafiya.

Matarka mai jiranka,
Hung Siu-gim